Jinina Ne, Dije, Ba Jiƙon Inna Ba

Zuwa ga matata Hadiza,

Assalamu alaiki wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya aika wa wanda ya riga shi, ina fatan Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata shi. Shekara tara ke nan da muka kai ki, kuma wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubuta miki, ni da na ƙare rayuwata da alli da biro a hannu.

Na san ba za ki karanta ba. Ko kina raye ma sai dai a karanta miki, tunda ba a sa ki boko ba, kuma ban taɓa bari kin manta da hakan ba. 'Yarmu Zainab ce za ta sa ta a waya inda kowa ke gani, ni na ce ta yi. A bainar jama'a na ɓata sunanki, saboda haka ba zan gyara shi a cikin ɗaki ba.

Kin san halina, tsufa bai rage shi ba. Har yanzu ina zama a ƙofar gida bayan la'asar ina kallon masu wucewa hanyar Kusugu, ina ƙirga aibinsu. Ɗakin gwaje-gwajen da na koyar da ilimin halittu a cikinsa shekara talatin ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Yaran da ba su iya yanka albasa su sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba, yau su ne ke wuce ni a motoci masu baƙin gilashi, suna ɗaga mini yatsa biyu. Na daɗe da yanke wa kaina cewa ba abin da ya rage a duniyar nan da zai ba ni mamaki. Na yi kuskure, kuma wannan ne ƙaramin kuskuren da zan faɗa miki yau.

Cikinki na farko ya zube a wata na uku, kina tsakar gida kina tankaɗen gero. Na biyu bai ma kai haka ba. Na uku ya kai haihuwa, namiji, ya kwana uku yana numfashi kamar ɗan tsuntsu, ya tafi kafin a raɗa masa suna. Ragon sunan yana ɗaure a gindin dalbejiya yana cin dusa, bai san an fasa ba.

Duk lokacin da ciki ya shige ki, Inna, mahaifiyarki, takan taso daga ƙauyenku na bayan Sandamu da ƙullin saiwoyi da sassaƙe a kanta, ta jiƙa miki a wata baƙar tukunya. Ranar da muka dawo daga binne yaron nan, na shigo gida na tarar da tukunyar a gindin randa. Na ɗauke ta na fita da ita na fasa a ƙofar gida, a gaban masu gaisuwa. Na ce wa Inna ita ce ke kashe mini 'ya'ya da jahilci, kada ta sake taka gidana. Surukata, wadda ya kamata in durƙusa in sunkuyar da kai idan zan gaishe ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsuguna ta tsince saiwoyin daga cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zanenta. Abin da ta ce kawai shi ne, “Na ji, Malam. Allah ya ba ka abin da kake nema.” Ba ta sake shiga gidan nan ba har ta koma ga Allah. Ke ce kike zuwa wurinta, sau biyu a shekara, idan na ga dama.

Sai ciki na huɗu ya zo, ya tsaya, aka haifi Zainab tana tsala kuka har maƙwabta suka ji. Dije, wannan haihuwar ce ta ƙarasa ɓatar da ni. Na cire abu ɗaya, sakamako ya canza. Ai abin da nake koya wa yara ke nan a aji. Na ɗauka gwaji na yi, ya tabbata. Na riƙa ba da labarin a majalisa, a ɗakin malamai, har a wajen ɗaurin aure: yadda matan ƙauye ke zubar da cikinsu da saiwoyi, da yadda na ceto 'yata da ilimi. Daga bakina mutanen unguwa suka ɗauka suna kiranki mai wabi, macen da 'ya'yanta ba sa tsayawa.

Inna ta aiko yayarki, Yaya Hanne, da saƙon a riƙa kiran jaririyar Abarta, kamar yadda ake yi wa ɗan da ya zo bayan mace-mace, roƙo ne a bar wa uwa wannan. Na ce camfi ne, ba a gidana ba. Duk unguwa suka kama Abarta, ni kaɗai na tsaya a kan Zainab.

Bayan ta kin sake yin ɓari biyu. Tunda gwajina ba zai yi ƙarya ba, sai na ce lallai kina sha a ɓoye. Kina tuna hantsin da na bincike ɗakinki? Na sauke kwallayenki na jere ɗaya bayan ɗaya, na leƙa ƙarƙashin gado, na shinshina tulu. Kina tsaye a bakin ƙofa, jinin ɓarin ma bai ɗauke miki ba, kin dafa bango. Ban sami komai ba. Kika ce, “Malam, Allah ya sani.” Na ɗauka amsar mai laifi ce.

Na kuma yi miki gori shekara da shekaru cewa ban ƙara aure ba duk da halin da kike ciki. Yanzu na gane. Da na ƙara, da ita ma ta yi ta ɓari, da garin nan ya san inda abin yake. Allah ya rufa mini asiri, kuma da ke ya rufa shi.

Ga abin da ya faru bayan tafiyarki. Zainab tana aure a Mai'adua, gidan wasu fataken shanu. Mijinta Nasiru yaron kirki ne, ba shi da yawan magana. Ta yi ɓari uku a jere. A na ukun ne mahaifiyarsa ta faɗa a gidan biki, inda za a ji, cewa ba abin mamaki ba ne, gadon uwa ne, ai kowa a Daura ya san uwarta. Dangi suka fara ba shi shawarar ya sallame ta tun da sauran ƙuruciyarsu. Maganar da na shuka a majalisa ta yi shekara talatin tana tafiya a ƙasa, ta je ta tsiro a ɗakin 'yata.

Nasiru bai sallame ta ba. Ya kai ta wani babban asibiti a Kano, aka ɗebi jininsu su biyu aka aika gwaji. Nasa lafiya lau. A nata aka ga wani abu, likitar ta ce tana son jinin iyayenta. Ke kina ƙasa, saura ni. Wallahi, Dije, da ƙafata na shiga mota ina murmushi. Na tafi ne in karɓo takardar da za ta wanke ni. Har na tanadi abin da zan faɗa idan na dawo majalisa.

Bayan makonni aka kira mu. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Zainab ba. Ta ajiye takardu biyu a kan tebur, ɗaya ta Zainab, ɗaya tawa. Hoto ne na abin da ake kira kuromosom, ƙulle-ƙullen da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum, an jera su bibbiyu kamar takalma a ƙofar masallaci. Arba'in da shida. Na zana su a allo sau ɗari ba ɗaya ba, na ba yara maki a kansu, na kayar da wasu. Ban taɓa ganin nawa ba.

Ta fara bayani, na ɗaga mata hannu, domin na riga na gani. Ɗaya ya fi ɗan uwansa tsawo. Wani can ƙasa ya gaza nasa ɗan uwan. Guntun wannan ya koma jikin wancan, guntun wancan ya dawo jikin wannan. Na duba takardar Zainab, na duba tawa. Wuri ɗaya, yanka ɗaya, kamar tela ɗaya ne ya ɗinka mu.

Bari in faɗa miki yadda za ki gane, abin da ban taɓa yi miki ba kina raye. Kin san littattafan kakana, irin na malaman da, fallaye ne ba ɗinki, kowane littafi a gafakarsa, jakarsa ta fata. Wata rana, ba wanda ya san yaushe, wasu fallaye na littafin fiƙihu suka shiga gafakar nahawu, na nahawun suka shiga ta fiƙihu. Shi Kaka bai damu ba, gafakun biyu duk suna hannunsa, karatunsa bai ragu da harafi ɗaya ba. Sai da ya rasu aka raba gado, mahaifina ya sami ɗaya, Baffa ya sami ɗayar. Ina yaro nakan ga Baba yana karatu, ya kai tsakiyar babi, sai ya rufe ya ce, “Sauran yana wurin Baffanku.”

Haka jikina yake. Kowane mutum yana da littafi ashirin da uku, kowanne kofi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A nawa, gafaka biyu sun yi musayar fallaye. Ba abin da ya ɓace, shi ya sa na kai shekara saba'in ba na ko ciwon kai sai na baƙin hali. Amma uba ba ya ba ɗansa duka, rabi yake ba shi, kofi ɗaya daga kowane littafi. Idan ɗan ya sami lafiyayyun biyu, ya tsira. Idan ya sami masu musayar duka biyun, shi ma ya tsira, karatunsa ya cika. Idan kuwa ya sami ɗaya mai musaya da ɗaya lafiyayya, wasu fallaye sun maimaitu, wasu babu su. Sai a fara gina shi a cikin uwa, a yi wata biyu, wata uku, a kai tsakiyar babi, a rufe.

Sau biyar aka rufe mana, Dije. Sauran yana wurina.

Likitar ta dube ni, ta ce, “Ba laifin kowa ba ne.” Kalma biyar. Ina da takardun shaida cike da akwati, amma ban iya haɗa miki waɗannan kalmomi biyar ba a shekara talatin da ɗoriya.

Na zaci baƙin ciki ne zai kama ni a hanyar dawowa. Ya zo, amma ba shi ya fara zuwa ba. Abin da ya fara kama ni tsoro ne irin wanda ke sa mutum ya ce Subhanallah ba tare da ya yi niyya ba. Ki duba: a cikin ƙwaya ɗaya da ido ba ya gani, akwai zare wanda idan aka warware shi zai kai kamu huɗu. An naɗe shi, an sake naɗewa, ya shige wurin da bakin allura ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, kuma bai cukurkuɗe ba. Ke da kike faɗa da zaren saƙarki idan ya kwana ɗaya a kwando. A jikin zaren nan an rubuta mutum kaf da haruffa huɗu kacal: tsawonsa, launin idonsa, wushiryar Zainab, wannan lotsawar kumatun naki. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe rubutun gaba ɗaya, ba magatakarda, ba tawada, ba fitila. Haka ake ta kwafa tun mutum yana ɗigo har ya yi furfura.

Na san duk wannan. Na koyar da shi a matsayin amsar jarrabawa. Ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi ba sai da na ga nawa da yankansa.

Yanzu mamakina ba na waɗanda suka zube ba ne, na waɗanda suka iso ne. Ina zaune a ƙofar gida kamar kullum, mai kura ya wuce da jarkokinsa, mai tallan awara ta wuce, har masu baƙin gilashin nan, sai in ga kowannensu littafi ne da aka kwafe har ƙarshe ba a rufe ba. Na rasa yadda zan ci gaba da raina su. Ina ƙoƙari, don sabo, amma abin ba ya kamawa kamar da.

Ita kuma Zainab, kin san abin da ya raya ta? Gafakun nan biyu masu musaya ta ɗauka duka. Aibina ta gada cif, shi ya sa ta rayu. Da rabinsa ta ɗauka, da ta bi 'yan uwanta. Ban san daga wa na karɓo shi ba ni ma. Na tuna mahaifiyata ta yi ɓari biyu da na sani, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Ranar kasuwar Mai'adua na shirya na tafi gidan surukan Zainab. Na roƙi mahaifin Nasiru ya tara ƙannensa a zaure, na kuma ce a bar ƙofar cikin gida a buɗe don mata su ji. Na ba su labarin gafakun Kaka. Na ce abin da ke jikin 'yata daga gare ni yake, uwarta ba ta da hannu a ciki, kuma ni ne na fara yaɗa ƙaryar da suka ji. Na faɗa musu abin da likita ta ce: kowane ciki sabon rabo ne, Zainab tana iya haihuwar lafiyayyen ɗa, ita kanta ai shaida ce.

Sai wani ƙanen uban, dattijo mai jan gemu wanda ya ƙare rayuwarsa a kara, kasuwar shanu, ya gyara zama ya ce, “To Malam, wato dai kai ne mai wabin?” Aka kwashe da dariya har cikin gida. Na ce, “Ni ne, Alhaji.” Ya ce su a garke idan shanu suka yi ta zubar da ciki, bijimin suke fara dubawa, bai san me ya sa 'yan boko sai sun je Kano ba. Na haɗiye. Da can da na ba shi amsar da zai kwana yana juyi, amma gaskiya mutumin ya faɗa. Da zan tafi, mahaifiyar Nasiru ta aiko mini da ƙwaryar nono. Ba a sake maganar sallama ba.

Daga nan ban dawo gida ba, na hau babur zuwa ƙauyenku. Yaya Hanne tana nan, idonta ya yi rauni, bakinta kuwa yana nan yadda kika bar shi. Na cire takalmi tun daga bakin danga, na durƙusa, durƙuson da na hana Inna. Na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, sai ta fara dariya, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi.

Ta ce, “Malam mai gwaji! Ai cikin Abarta ba ranar da Dije ba ta sha jiƙon nan ba. Ni nake kawo shi, a dame cikin fura. Kai ma ka sha, har kana cewa furar ƙauye ta fi ta birni ƙanshi.” Ta ce a ciki biyun ƙarshe ne kika daina, don tsorona.

Dije! Ashe wata tara kina zaune a gabana kina kallona ina shan abin da na fasa tukunya a kansa, ina lashe ludayi. Ashe duk lokacin da nake ba da labarin gwajina a gaban baƙi, kina bayan labule kin san gaskiya. Kalma ɗaya ta ishe ki ki rushe ni, ba ki faɗa ba. Jiƙon Inna bai kashe kowa ba, bai kuma raya kowa ba, rabon yana can inda ni da ita duka ba ma gani. Amma ita ta zo da abin da take da shi don ta taimaka, ni na zo da abin da nake da shi don in sami wanda zan ɗora wa laifi.

Na tambayi Yaya ko Inna ta yafe mini. Ta ce ba ta sani ba, Inna ba ta taɓa ambaton sunana ba, da alheri ko da sharri. Ta nuna mini inda Inna take kwance, na je na tsaya. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Zainab tana da ciki yanzu, wata bakwai. Ta wuce inda sauran suka tsaya, hoton ciki ya nuna komai a wurinsa, amma na daina cewa na san abin da zai faru. Jiya ta zo gida, ta zauna a kan tabarmarki tana tsince shinkafa, ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Wani ya harbe ni daga ciki, da ƙarfi, kamar ya ji labarina. Na ce, “Sannu, Abarta.” Ta ɗago ta dube ni, shinkafar ta zube daga hannunta. Shekararta talatin da huɗu, ranar ce ta fara jin sunan a bakina.

Dijena, ban zo da hujja ba wannan karon. Ba ke ba ce. Ba ki taɓa zama ke ba. Duk wanda ya ji daga bakina cewa Hadiza mai wabi ce, ga bakin nan ya dawo ya ce ƙarya ya yi. Kin ce Allah ya sani, kuma ya sani, ya rubuta shi a cikin kowace ƙwaya ta jikina tun kafin in gan ki a bakin rijiyar garinku, ya bar ni ina yawo da shi ina wa'azi.

Ya Allah, wanda ya naɗe kamu huɗu a inda ido ba ya kai, ka gafarta wa Hadiza, ka gafarta wa Inna, ka haɗa su da 'ya'yan nan biyar da ba mu raɗa wa suna ba. Ka sauki Abarta lafiya, ka cika wa abin da ke cikinta karatunsa har shafin ƙarshe. Ni kuma, idan akwai sauran rahama ga wanda ya sani bai gane ba, ka sa Dije ta yafe mini kafin a tsayar da mu a gabanka.

Idan mace ce, sunanki za ta ci. Na kuma sayi baƙar tukunya a kasuwa, tana gindin randa. Ba komai a ciki, amma ba wanda zai taɓa ta.

Mijinki, wanda ya yi karatu bai iya karanta kansa ba,

Malam Ilyasu